Me Ke Kawo Annoba Cikin Garken Awakin Tatsa?

 Kamar yadda muka saba, abin da muka amsa a rediyo shi muke kawo muku a rubuce, don wanda bai samu ji ba ya karanta, wanda ya ji kuma ya adana saboda gaba. Wanda ya iya karatu, don Allah ya karanta wa na kusa da shi, musamman matan gida, domin a ƙasar Hausa yawancin awaki nasu ne, su ke ba su dusa, su ke tatsa.

Takardu uku muka haɗa a wannan mako, saboda da muka duba sai muka ga jirgi ɗaya ne ya ɗebo su. Ta farko daga wata malama ce a ƙasar Daura. Ta ce awakinta tara ne, uku tana tatsarsu tana dama wa yara fura. Ana saura wata guda Babbar Sallah maigidanta ya sayo mata wata akuya a kasuwa, ba a yi mako biyu ba garken ya kama mura da zawo, biyar suka mutu. Tana tambaya, shin baki ne ko kuwa wani abu suka ci? Ta biyu daga wani Alhaji ce mai fataucin dabbobi daga Maigatari zuwa kudu. Ya ce yana sayen awaki lafiya lau, amma bayan kwana kaɗan da sauke su sai su langaɓe, allurar da yake yi musu kuma ba ta hana wasu mutuwa. Ta uku kuwa wani saurayi ne daga wajen Zariya da ke son fara kiwon awakin Turai masu yawan madara, yana neman a faɗa masa abin da zai kiyaye.

Da farko mu san abokin gaba

Ƙwayoyin da ke sa dabba ciwo iri-iri ne. Akwai tsutsar ciki, wadda wani lokaci har da ido ake ganinta a kashi, tana kuma da maganinta na ɗurawa. Akwai waɗanda likitoci ke kira bakteriya, su ne allura irin su teramaisin ke kashewa. Sai na uku, waɗanda ake kira bairos. Su ne mafi ƙanƙanta, ko madubin asibiti na yau da kullum ba ya nuna su, kuma ba su iya hayayyafa sai a cikin jikin mai rai. Ƙyanda da shan inna da agana a jikin ɗan Adam, duk aikin bairos ne.

Abin da ya kamata kowane mai kiwo ya riƙe shi ne, allurar kashe bakteriya ba ta taɓa bairos. Alhaji, rabin amsarka ke nan. Allurar da kake yi tana da ɗan amfaninta, domin in bairos ya raunana huhun akuya, bakteriya kan samu ƙofa su shiga su ƙara mata ciwon huhu, to su ne allurar ke kora. Amma ainihin cutar tana nan daram, sai dai jikin akuyar ya yi kokawa da ita, ko ya kayar ko a kayar da shi. Saboda haka a cutar bairos dabara biyu ce tak: a hana ta shigowa, a kuma yi rigakafi tun kafin ta iso.

Mura da zawo

Malama, ki kwantar da hankalinki game da batun baki. Alamun da kika zayyana alamun cutar da likitoci ke kira PPR ne, wadda a kudancin Nijeriya ake ce wa kata, kuma gwajin majina ko jini a hannun likitan dabbobi shi ke tabbatar da ita. Sunan nata daga Faransanci ne, ma'anarsa annobar ƙananan dabbobi, wato awaki da tumaki. A ƙasar Kwaddibuwa aka fara bayyana ta a 1942. Ƙwayarta dangi ɗaya ce da ta ƙyandar yara da ta bushiyar shanu, amma ita ba ta kama mutum.

Ga yadda take tafiya. In ta shiga jikin akuya, takan yi kwana 4 zuwa 6 ba a ga komai ba, akuya na cin abincinta tana tsalle. Daga nan sai zazzaɓi mai zafi, akuya ta ƙi ci, ta koma gefe ta sunkuyar da kai, gashinta ya tashi. Ruwa ya fara zuba daga ido da hanci, ya yi kauri ya zama majina mai ruwan ɗorawa, ta bushe ta toshe hanci, kwantsa ta like ido. In kika buɗe bakinta za ki ga dasashi da harshe da cikin leɓe sun yi gyambo, fari-fari kamar an barbaɗa dusa, bakin yana wari. Bayan kwana biyu ko uku sai zawo mai ɗoyi, ga tari, ga numfashi da ƙyar. Mai ciki takan yi ɓari, mai shayarwa nononta ya ɗauke. Wadda za ta mutu, galibi cikin kwana 5 zuwa 10 da fara zazzaɓin take mutuwa.

In ta faɗa wa garken da bai taɓa gamuwa da ita ba, kusan duka suke kamuwa, kuma in abin ya yi muni tara cikin goma na iya mutuwa. Inda ta saba zagayawa asarar takan yi sauƙi, saboda akuyar da ta warke ba ta sake kamuwa har ƙarshen ranta. Awaki sun fi tumaki jin jiki, gajerun awakin kudu kuma sun fi namu na arewa saurin faɗuwa. Alhaji, ka lura da wannan, domin kayan da kake saukewa a can suna iya zame wa awakin mutanen wurin masifa.

Ta tari da atishawa take yaɗuwa, da majina da hawaye da miyau da kashi. Akuya kan fara fitar da ƙwayar kwana ɗaya ko biyu kafin ma a ga alama a jikinta. Sai dai ƙwayar raguwa ce a waje, rana na kashe ta, ba ta daɗewa a ƙasa. Ba ta da ƙafa, ba ta da fiffike. A jikin dabba mai rai take tafiya daga gari zuwa gari, mu kuma mu ke janyo dabbar da igiya.

Yaya yawanta yake?

Ƙidayar dabbobin da aka yi a Nijeriya a 1990 ta nuna akwai awaki wajen miliyan 34 da rabi, da tumaki wajen miliyan 22, galibinsu a hannun talakawan karkara. Wani bincike da aka wallafa a 2016 ya auna jinin awaki da tumaki fiye da 4,500 daga jihohi 12, aka tarar fiye da kashi 20 cikin 100 suna ɗauke da shaidar sun taɓa gamuwa da wannan cuta. Wato a kowace dabba biyar, aƙalla ɗaya. Ku tuna fa, masu rai aka auna, waɗanda cutar ta kashe ba su cikin lissafi.

A duniya kuwa cutar ta shiga ƙasashe fiye da 70 na Afirka da Gabas ta Tsakiya da Asiya. Hukumar abinci da aikin gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta ƙiyasta asarar da take jawowa ta kai wajen dala biliyan 1.5 zuwa biliyan 2 a shekara. Ko Turai ba ta tsira ba. A 2024 ta ɓulla a Girka da Romaniya, aka hallaka dubban tumaki da awaki, aka hana zirga-zirga da dabbobi don a tsayar da ita.

Dattawa za su tuna ɓarnar da bushiya ta yi wa shanun Nijeriya a 1983. To, da allurar rigakafi aka yi ta bin ta ƙasa-ƙasa har aka sanar da kawar da ita daga duniya baki ɗaya a 2011. Ganin haka, a 2015 ƙasashe suka taru a Abijan suka ɗauki alkawarin kawar da PPR ita ma nan da 2030. Abin sha'awa, allurar da aka fi amfani da ita a Afirka, daga ƙwayar da aka samo a jikin wata akuya a Nijeriya a 1975 aka sarrafa ta, har sunan Nijeriya take ɗauke da shi. Ana yin ta a cibiyar binciken cututtukan dabbobi ta Vom kusa da Jos, wadda aka kafa tun 1924.

Ƙofofin da cuta ke bi

Ƙofa ta farko, kuma babba, ita ce sabuwar dabba. A ranar kasuwa, kara irin ta Maigatari ko Mai'aduwa ko Illela ko Potiskum tana tara awaki daga garuruwa masu yawa, har daga ƙetaren iyaka. An ɗaure su kai da kai tun safe, suna shaƙar numfashin juna, dillali yana buɗe bakin wannan ya duba haƙori, ya juya ya buɗe na waccan da hannu ɗaya. Akuyar da aka sayo maki, Malama, mai yiwuwa da lafiyarta ta bar gidansu, a kasuwar ta kwaso. Ta iso gidanki cikin kwanakin nan da ba a ganin komai, aka ɗaure ta tare da sauran. Lissafa kwanakin da kanki: kwana biyar kafin ta kwanta, wasu biyar kafin waɗanda ta shafa wa su biyo ta. Ga mako biyun da kika faɗa.

Ta biyu ita ce mota da lokacin Sallah. Gabanin Babbar Sallah dabbobi sun fi yawo fiye da kowane lokaci. An cusa su a babbar mota, ga zafi ga ƙishirwa, kwana biyu a hanya. Wahala tana rage ƙarfin jiki, cunkoso kuma yana sa numfashin guda ɗaya ya isa ga duka. Alhaji, sauran rabin amsarka ke nan. Zafin hanya kaɗai ba ya haifar da cuta, amma yana shimfiɗa mata tabarma. Sannan dabbobin da suka yi kwantai aka dawo da su gida bayan Sallah, su ma sukan dawo da tsaraba.

Ta uku ita ce kiwon gari da wurin shan ruwa. Inda yaro ɗaya ke kora awakin unguwa duka zuwa daji, ko ake shayar da su a kwami ɗaya bakin rijiya, garken gida ashirin ya zama garke ɗaya. Wake ɗaya shi ke ɓata gari.

Ta huɗu ita ce zumunci. Bunsurun aro, akuyar da aka ba 'yar'uwa kiwo, wadda aka kai wa amarya, da awakin da ƙungiyoyi ke sayowa a kasuwanni su raba wa mata. Duk alheri ne, amma in ba a keɓe su ba kuma ba a yi musu rigakafi ba, alherin kan zo da hawaye.

Ta biyar ita ce yanayi. An fi ganin ɓarkewar cutar a farkon damina da kuma lokacin hunturu. Da damina ana ɗaure awaki a turke ko a tara su ɗaki ɗaya saboda shuka, ga laima ga sanyi. Da hunturu kuma ƙura da sanyi suna wahalar da huhu, dabbobi na matsuwa wuri ɗaya don jin ɗumi.

Ta shida ita ce shekaru. Ɗan akuyar da uwarsa ta taɓa warkewa ko aka yi mata allura, yana samun kariya ta dakashi, wato nonon farko, amma wannan kariya takan ƙare cikin wata 3 zuwa 4. Daga nan har zuwa wajen shekara 2 su ne suka fi faɗuwa. Shi ya sa za ku ga cutar ta yi ɓarna a gari, ta yi shiru shekara biyu ko uku, sannan ta dawo. Jira take sababbin haihuwa su taru.

Ta bakwai, wadda ba a son faɗa, ita ce sayar da mara lafiya. Da an ga akuya ta fara majina sai a goge mata hanci a yi kasuwa da ita tun ba ta faɗi ba. Mai ita ya tsira da 'yan kuɗinsa, amma ya zuba wa kara guda wuta. Ku kuma masu saye, in kuka ga akuya mai kyau ana neman rabuwa da ita a kan kuɗin da bai kai ba, ku tuna araha ba ta ado.

Ƙurajen baki da aganar awaki

Akwai wasu cututtukan bairos biyu da mai tatsa ya kamata ya sani. Ta farko ita ce ƙurajen da ke fitowa a leɓe da gefen bakin 'ya'yan awaki, su yi ɓawo mai kauri baƙi-baƙi. Ba ta zuwa da zawo irin na PPR, kuma galibi takan warke da kanta cikin mako 3 zuwa 4. Illarta ga garken tatsa ita ce, ɗan akuya yana tsotso sai ya shafa wa kan nonon uwarsa. Nono ya yi gyambo, uwa ta ji zafi ta hana shi sha, hantsa ta kumbura ta yi ciwo, ɗan kuma ya rame ko ya mutu da yunwa. In ya koma tsotson wata akuyar, ya kai mata. Wannan cuta tana kama mutum. Mai tatsar da ke da ƙujewa a hannu kan ga wani ƙurji guda ya fito mata a yatsa, ja mai tauri, ya yi makonni kafin ya baje. Kada a matse shi ko a tsaga, a wanke a rufe, in ya yi tsanani a je asibiti. Ƙwayarta ba raguwa ba ce irin ta PPR, tana iya yin watanni har shekaru a cikin busasshen ɓawon da ya faɗi ƙasa. Don haka a share ɓawon a ƙone, kada a ɓamɓare shi da hannu tsirara. Ciyawa mai ƙaya da ke yankan baki tana buɗe mata hanya.

Ta biyu ita ce mai kama da agana, wadda ke fesowa da ƙuraje masu tauri a duk jiki, an fi ganinsu inda ba gashi sosai, kamar hantsa da ƙarƙashin wutsiya da fuska, tare da zazzaɓi. A awakinmu na gida takan kashe wajen 5 zuwa 10 cikin 100, ƙanana sun fi mutuwa, amma a baƙin awakin da aka shigo da su daga waje tana iya share kusan duka. Tana rage madara, tana kuma bar wa fata tabo, alhali jar akuyar Sakkwato da Maraɗi da kyan fata ta yi suna a duniya. Ƙwayarta kan yi har wata 6 a ɗakin da rana ba ta shiga. Ita ma tana da allurar rigakafi.

In ɓari ya yi yawa a lokaci ɗaya

In kuka ga awaki da tumaki masu ciki suna ta ɓari a jere bayan ruwan sama mai yawa, jarirai kuma suna mutuwa, to a yi hattara da zazzaɓin da ake kira na Kwarin Rift, sunan wani kwari a Kenya inda aka fara gano shi wajen 1930. Sauro ne ke yaɗa shi tsakanin dabbobi, mutum kuma ya fi ɗaukarsa ta taɓa jini ko ɗan da aka yi ɓarinsa ko mabiyiya, ko wajen yanka da fiɗa. A 2016 ya ɓulla a jihar Tawa ta Nijar, wajen Cintabaraden, dabbobi suka yi ta ɓari, aka ba da rahoton mutuwar mutum fiye da 20, galibinsu makiyaya. Saboda haka abin da aka yi ɓarinsa kada a ɗauka da hannu tsirara. A sa leda a hannu, a binne shi da zurfi inda kare ba zai tono ba, a wanke hannu da sabulu, a kuma sanar da malamin dabbobi a ranar. Madara kuwa a tafasa ta kafin a sha ko a sa ta yi tsami, domin akwai cututtukan bakteriya ma da ke bi ta ɗanyar madara su kama mutum.

Ga mai son awakin Turai

Samari, sha'awarka tana da dalili. Akuya irin Sanen, mai asali daga Suwizalan, takan ba da lita 2 zuwa 3 a rana, alhali jar akuyarmu da wuya ta kai lita 1. Amma akwai wata cuta da ta fi yawa a irin waɗannan garkuna na tatsa, likitoci na kiranta CAE, wato ciwon gaɓoɓi da ƙwaƙwalwar awaki. A Amurka aka fara bayyana ta a 1974. Ita ba ta zuwa da hayaniya irin ta PPR, a hankali take ci. Babbar akuya gwiwoyinta na gaba su kumbura, ta riƙa ɗingishi, har ta koma kiwo a durƙushe. Hantsa ta yi tauri kamar dutse, madara ta ragu, akuya ta yi ta ramewa tana kuwa ci. 'Ya'ya 'yan wata 2 zuwa 6 kuma wasu ƙafafunsu na baya su shanye. Yawancin masu ɗauke da ita ma ba su nuna komai, amma suna rabawa. Wadda ta kamu ta kamu ke nan har mutuwa, babu magani, babu allurar rigakafi.

Babbar hanyarta ita ce dakashi da madara, daga uwa zuwa ɗa. A gidajen kiwon zamani ana haɗa madarar awaki da yawa a bokiti ɗaya a shayar da 'ya'ya duka, to in akuya ɗaya na da ita, ta ba kowa. Zaman cunkoso na tsawon lokaci da yin allura da tsinke ɗaya su ma suna taimaka mata.

Wani bincike da aka wallafa a 1984 ya auna jinin awaki fiye da 3,700 daga ƙasashe daban-daban. A Amurka da Kanada da Faransa da Norwe da Suwizalan, kashi 65 cikin 100 ko fiye na waɗanda aka auna suna da ita a wancan lokaci. A Kenya da Meziko da Peru ba su kai kashi 10 ba, kuma yawancin waɗanda aka samu, da aka bi sawu, sai aka tarar daga awakin da aka shigo da su ne. A Sudan da Somaliya da Afirka ta Kudu ba a samu ko ɗaya ba cikin waɗanda aka auna. Wasu daga ƙasashen Turan nan sun yi aiki tuƙuru daga baya sun rage ta ƙwarai, amma darasin bai canza ba: da kuɗi ake sayo wannan cuta.

Saboda haka kada ka sayi akuya ko bunsuru sai da takardar gwajin jini, kuma a sake gwajin bayan 'yan watanni, domin sabon kamu ba ya nunawa nan da nan. Ka shafa gwiwa, ka taɓa hantsa, ka nemi ganin uwar. Kada ka shayar da 'ya'ya haɗaɗɗiyar ɗanyar madara. Inda aka san uwa na da cutar, akan ɗauke ɗan da zarar an haife shi, a ba shi dakashin da aka ɗumama a ma'aunin zafi 56 na tsawon awa ɗaya. Kuma ka sani baƙuwar akuya ta fi tamu saurin faɗuwa a gaban PPR da agana, don haka rigakafi kafin komai. Tunda kana kusa, ka leƙa cibiyar binciken kiwon dabbobi ta Shika ka nemi shawara. Mutanen Nijar kuwa suna da cibiyar kiwon jar akuya a Maraɗi tun shekarun 1960. Farawa da zaɓaɓɓun awakin gida masu nono ya fi sauƙin asara ga mai ƙaramin jari.

Abin da za a yi

Na ɗaya, keɓewa. Duk dabbar da ta shigo gida, ko saye ko kyauta ko aro ko wadda ta dawo daga kasuwa, a ɗaure ta nesa da sauran har kwana 21, in da hali wata guda. Kwanon ruwanta daban, na dusarta daban, ita za a ba abinci a ƙarshe, a wanke hannu bayan nan. Wannan ba ya cin ko kwabo.

Na biyu, rigakafi. Ana yi wa ɗan akuya allurar PPR daga wata 3 zuwa 4, kuma allura ɗaya tana kare shi aƙalla shekara 3. Amma tunda kullum ana haihuwa, a kira malamin dabbobi kowace shekara saboda sababbi. A yi kafin damina, kafin kuma kasuwar Sallah ta buɗe, domin allurar na bukatar mako biyu zuwa uku kafin ta kama jiki. Ba a fafe gora ranar tafiya. Masu lafiya ake yi wa, ba ta warkar da wadda ta riga ta kwanta. Maganin yana son sanyi, sai a cikin ƙanƙara ake ɗaukarsa, in an haɗa shi da ruwansa kuma cikin awa biyu ake gamawa da shi. Kwalbar da ta yini a rana a kan tebur a kasuwa ta zama ruwa. Kwalba ɗaya ta ishi dabbobi 50 ko 100, don haka ku haɗa kai unguwa guda a yi muku rana ɗaya. A Nijar da wasu ƙasashen Sahel akan yi wa dabbar da aka yi wa allura 'yar alama a kunne, don a san wadda ta samu da wadda ta rage.

Na uku, in cuta ta riga ta shigo. A ware marasa lafiya, a daina kai garken kiwon gari, a faɗa wa maƙwabta da mai unguwa, a kai rahoto asibitin dabbobi na ƙaramar hukuma. Ɓoyewa ba ta ceton akuya ko ɗaya. Masu zawo a riƙa ɗura musu ruwan gishiri da sukari irin na yara, a hankali don kada su shaƙe. A goge musu hanci da ido da ruwan ɗumi, a ba su kunun dusa da ganye mai laushi, a ajiye su inda ba iska. Wadda ta mutu a binne ta. Kada a sayar, kada a sayo, sai garken ya yi mako uku ba sabon kamu.

Na huɗu, wajen tatsa. A wanke hannu da sabulu kafin a fara da kuma tsakanin akuya da akuya. A fara da masu lafiya, mai ƙurji a nono ita ce ta ƙarshe, madararta kuma a zubar. Akuyar da aka yi wa allurar kashe bakteriya, kada a sha madararta ko a sayar sai kwanakin da aka rubuta a jikin kwalbar sun cika.

Ku kuma 'yan kasuwa da dillalai, ku ne kuka fi kowa ikon tsayar da wannan annoba. Kada ku haɗa sabon kaya da tsoho a shinge ɗaya, ku share mota ku wanke ta ta sha rana kafin sabon lodi, ku rage cunkoso, ku shayar da dabbobi a hanya. Mai majina da kwantsa kuwa ku ƙi karɓarta komai la'adarta, domin ita ce za ta kashe muku sauran.

A nan za mu dakata a wannan mako. Masu tambaya a kan tsutsar ciki da kumburin ciki na farkon damina, takardunku sun iso, su za mu ɗauka a fili na gaba in Allah Ya kai mu. A ci gaba da aiko mana da tambayoyi, a faɗi yawan dabbobin, da alamun da aka gani, da kwana nawa aka yi. Allah Ya ba mu lafiya, mu da dabbobinmu. Mu kwana nan.